Tsatsar Ƙafafun Mota da Garanti: Matsayin Dokar Amurka

A jihohin arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan tituna lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara, kuma wannan gishirin ne yake cin ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, tun daga sifirin da shokazoba har zuwa ƙarafan da suke riƙe ƙafafunta. Mai mota yakan ɗauka cewa garantin tsatsa ya rufe duk wannan ɓarna, alhali ba haka lamarin yake ba.

Garantin tsatsa na yawancin kamfanoni ya taƙaita ne ga gangar jikin mota, kuma sai tsatsar ta huda ƙarfen ya yi rami, ba wadda ta tsaya a sama kawai ba. Kayan ƙafafu kuwa suna ƙarƙashin garantin gama-gari, wanda galibi shekara 3 ne ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika, kuma abin da yake ɗaukar nauyi shi ne aibin ƙira. Wa'adin yakan ƙare tun kafin tsatsar ta yi ƙamari.

Inda doka ta tsaya wa mai mota da gaske shi ne batun kayan gyaran da ba na kamfanin da ya ƙera motar ba. Dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda hukumar FTC, mai sa ido kan kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, take kula da aiwatar da ita, ta hana kamfani sharɗanta cewa sai an yi amfani da kayansa ko garejin dilansa kafin garanti ya ci gaba da aiki, sai fa idan kyauta yake bayar da su. Saboda haka sanya shokazoba na wani kamfani ba ya rushe garantin mota. Idan dila ya ƙi yin gyara, wajibi ne ya nuna cewa sabon kayan, ko yadda aka ɗaura shi, shi ne ya jawo lalacewar, kuma ko da ya nuna, ɓangaren da abin ya shafa kaɗai zai fita daga garanti. A ganina, wannan ne ya sa adana rasiɗin kowane gyara ya fi doguwar jayayya amfani.

Akwai kuma kiranye, wato kamfani ya nemi a dawo da motocin da ya sayar domin a gyara wani aibi: idan tsatsar ta zama barazana ga rayuka, hukumar NHTSA, mai kula da kiyaye haɗurran mota a Amurka, tana iya tilasta wa kamfani gyara kyauta, ko da garanti ya ƙare, ga motar da ba ta wuce shekara 15 ba.