Sabunta manhaja zuwa sigar da ake kan ginawa

Galibin manhajojin kwamfuta suna fitowa ne a siga biyu. Akwai tsayayyiyar siga wadda aka gwada aka saki ga jama'a, akwai kuma wadda masu rubuta manhajar ke kan ginawa, suna ƙara mata sabbin abubuwa kusan kullum. Bin wannan ta biyun shi ne mutum ya riƙa janyo sabon gyara kai tsaye daga ma'ajiyar masu aikin tun kafin a sake shi a hukumance.

Mafi yawan waɗannan ma'ajiyoyi suna amfani da Git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Mai amfani da harshen rubuta manhaja na Python zai iya umartar pip, manhajar girka fakiti (ƙunshin manhaja), ya ɗauko fakiti daga GitHub, shafin da masu aikin ke ajiye aikinsu, maimakon PyPI, rumbun fakitin da aka saki, mai amfani da harshen R kuma yana da remotes mai yin irin wannan aiki. A Debian, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux, akwai rassa uku: stable, testing da unstable da ake kira Sid. Shi kuwa Arch Linux ba ya jiran wata babbar fitowa, sabon abu na shigowa ne da zarar an shirya shi.

Amfanin bin sabuwar siga a fili yake. Gyaran kuskure yana isowa da wuri, mai bi kuma yakan ga matsala ya kai rahoto tun ba ta yaɗu ba. Sai dai hatsarin ma ta nan yake shigowa. A watan Maris na 2024 aka gano wata ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Ta riga ta shiga Sid da Fedora Rawhide (sigar da ake kan ginawa ta wani tsarin Linux mai suna Fedora), amma ba ta kai Debian stable ba. Injiniya Andres Freund ne ya lura da ita, domin shiga ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) a na'urarsa mai Sid ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Wato masu bin sabuwar siga su aka fara jefawa cikin hatsari, kuma su ne suka ceci sauran.

Ga mai bin sabuwar siga a Kaduna akwai ƙarin lissafi. Sid na iya janyo ɗaruruwan megabait a mako, ga kuɗin data. Idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa, fakiti na iya tsayawa rabi, sai an gyara da umarnin dpkg --configure -a. Shi ya sa ya kamata a cika batirin laftof tukuna, ko a tayar da janareta.

Ɗalibin Kaduna Polytechnic ko KASU da ke koyon rubuta manhaja zai ƙaru sosai da sigar gwaji, muddin ya ware mata wuri, kamar venv, keɓaɓɓen wurin girka fakiti na Python, ko na'urar gwaji ta daban. Amma kwamfutar da ake buga wa mutane takardu da ita a shago, ko wadda ke riƙe da bayanan asibiti, tsayayyiyar siga ta fi dacewa da ita, irin Ubuntu LTS, sigar Linux mai doguwar kulawa, da ke fitowa duk shekara 2 a watan Afrilu, ana kula da tsaronta shekara 5.