Al'ada ta ɗauke da wuri, ƙashi ya rarake: a sha magani ko a dakata?

Wata yayata a Mabera, nan Sakkwato, tana da shekara 41 al'adarta ta ɗauke. Bayan shekara huɗu santsi ya kwashe ta a bakin famfo, faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, amma wuyan hannunta ya karye. Mai ɗori ya ɗaure, hannu ya warke, ba wanda ya tambayi abin da ya sa ƙashinta ya ɓalle haka. Ga tambayoyin da ita da ƙawayenta suka yi ta yi daga baya.

Me ya haɗa ɗaukewar al'ada da ƙashi?

Sinadarin estirojin da gidan ƙwan mace ke samarwa shi ke rage zaizayar ƙashi. Yawancin mata sai wajen shekara 50 al'ada ke ɗaukewa. Wadda tata ta tsaya kafin 45, balle kafin 40, ko aka cire mata gidan ƙwai a tiyata, ta rasa wannan kariya da wuri. Ƙashin sai ya yi kamar azarar da gara ta ci, daga waje lafiya lau, ciki kuwa rami ne.

Ni ba na jin ciwon komai. Ta yaya zan san ƙashina ya rarake?

Ba ya ciwo sai ranar da aka karye. Gwajinsa da na'urar DEXA mai auna ƙarfin ƙashi ake yi, in sakamako ya kai −2.5 ko ya yi ƙasa da haka, ƙashi ya rarake. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, shi ya sa likita ke duba wasu abubuwan: kin taɓa karyewa daga ƴar faɗuwa a tsaye? Tsawonki ya ragu, ko baya ya fara doro? Innarki ta taɓa karya ƙugu? Sai kuma deksametason, ƙwayar da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Wannan tana cin ƙashi sosai. Don Allah in kin sha, ki gaya wa likita, ba abin kunya ba ne.

Wane magani ake fara dubawa?

A nan ne nake ganin ana yawan kuskure. Ga wadda al'adarta ta ɗauke da wuri, abin da likitoci kan fara dubawa shi ne mayar mata da estirojin ɗin da ta rasa, a ci gaba har ta kai wajen shekara 50. Yana kare ƙashi, yana kuma kwantar da zafin jikin nan mai tasowa farat ɗaya da gumin dare. In mahaifa na nan, dole a haɗa da sinadarin furojestin don kare bangon mahaifar. Ba a ba wadda ta yi kansar mama, ana kuma taka-tsantsan da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Mata da yawa na tsoronsa saboda labarin kansa, alhali lissafin mace mai shekara 41 daban yake da na mai 60. Ita mai 41, abin da jikinta ya kamata ya riƙa yi ne ake mayar mata.

To ƙwayar ƙashin fa?

Alendironet ce aka fi sani, miligiram 70 sau ɗaya a mako. Tana da ƙa'ida: da safe, ciki babu komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ba shayi ba kunu, kuma ba kwanciya ba cin abinci har minti 30, don kada ta ƙona maƙoshi. Yayata ta mayar da shanta bayan sallar asubar Juma'a, tana zaune kan dadduma tana lazimi. Da azumi kuwa sai a tashi rabin awa kafin sahur. Akwai zoledironet, ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, da allurar denosumab duk wata 6. Ita allurar ba a barinta haka kawai, domin ƙashin baya na iya karyewa bayan an daina. Mai fatan samun ciki ta faɗa tun farko, alendironet na daɗewa a ƙashi shekara da shekaru.

An ce tana lalata muƙamuƙi.

Yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Ki gyara haƙoranki kafin ki fara. Bayan shekara 5 ana sake zama a duba ko za a huta.

Nono da rana ba su isa ba?

Fura da nono, kindirmo, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ƙayarsu duk suna da kalsiyam, kuma ana buƙatarsu ko ana shan magani. Ranar Sakkwato ba ta da wasa, amma wadda ta wuni a ɗaka tana iya rasa bitamin D da jiki ke samu daga rana, gara ta ɗan zauna a tsakar gida da hantsi. In ƙashi bai yi nisa ba, wannan da tafiyar ƙasa da estirojin kan wadatar. In an riga an karya ƙugu ko ƙashin baya, abinci kaɗai ba zai riƙe ba, ni ba zan ba ƴar'uwata shawarar jira ba.

Wa zan gani?

Likitan mata, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba mai kemis ba. Ki tafi da kwalayen duk maganin da kike sha, har na gargajiya, ki kuma tuno shekarar da kika ga al'ada ta ƙarshe.