Ƙurar hunturu taki ce, har kifin teku na cin moriyarta

'Yan'uwa manoma na Babura, Gumel, Maigatari da kewaye, hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, kowa na kuka da tari da kaushi. A matsayina na malamin gona, ina so mu san abin da ke cikin wannan ƙura kafin mu cinna wa gonakinmu wuta.

Mafi yawanta daga arewacin Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, sai gawarwakin ƙananan halittun ruwa suka zama farin gari mara nauyi. Iskar da ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ita ke kwasarsa ta yi sama da shi.

Ba a kanmu take ƙarewa ba. Binciken hukumar NASA ta Amurka na 2015, da tauraron ɗan'adam, ya ƙiyasta ƙura tan miliyan 182 ke barin Sahara zuwa Tekun Atlantika duk shekara. Tana ɗauke da sinadarin ƙarfe da fosfaras, wannan fosfaras ɗin da muke biya da tsada a buhun takin zamani na NPK. Can tsakiyar teku, nesa da bakin kowane kogi, ruwa na fama da ƙarancin ƙarfe. Ƙurar na sauka, sai ƙananan tsirran da ido ba ya gani su samu abinci su yaɗu. Ƙananan halittu su ci su, kifi ya ci waɗannan, babban kifi ya ci ƙarami. Kusan rabin iskar da tsirran duniya ke fitarwa don numfashi daga waɗannan tsirrai na teku take. Ikon Allah! Wani kaso na ƙurar, fiye da tan miliyan 27, har dajin Amazon take kaiwa.

To, abin da ke ciyar da teku yana sauka a gonarka kyauta. Sai dai iskar da ta kawo ita ce mai kwashewa. Gonar da aka share ƙarƙaf aka ƙone, ba ta riƙe ƙurar da ta sauka, kuma lallausar ƙasarta ta sama ma tafiya take yi. Wannan na damuna ƙwarai, domin mu nan bakin hamada muke.

Don Allah a bar wani kaso na karan gero da dawa kwance a gona. Na san dabbobi na buƙata, girki ma haka, amma ko kaɗan ne a bari. Kada a sare gawo, a kuma kyale 'yan itatuwan da suka tsiro da kansu.

Amfanin ƙura ga ƙasa ne, ba ga huhu ba. A rufe hanci da rawani ko takunkumi, musamman masu asma da tsofaffi. Yaron da ya tashi da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti nan take, domin lokacin sanƙarau ne.