Waiwaye: asalin jinkirin ɗaukar gaɓoɓi daga jerin sarƙa zuwa wani

Har yanzu masu rubuta manhaja da C++ na ce-ce-ku-ce a kan forward_list, wato jerin sarƙa mai kallon gaba kawai: bayanai da aka jera gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tana nuna ta gaba. Wasu na ƙorafin cewa umarnin splice_after, wanda aikinsa shi ne cire gaɓoɓi daga wani jeri a liƙa su a wani, yana tafiyar hawainiya idan jeri ya yi tsawo. Wasu ma sun ce a jingine jerin sarƙa a koma vector, wanda ke ajiye bayanai a jere wuri guda. Maganar ba yau ta fara ba.

Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon ne suka ƙirƙiro jerin sarƙa tsakanin 1955 da 1956 don harshen rubuta manhaja na IPL, wani harshen mai suna Lisp kuma ya yaɗa shi daga 1958. A jeri mai kallon gaba kawai, kowace gaɓa tana riƙe da manuni, wato adireshin ta gabanta, ba ta san ta bayanta ba. Don haka idan za a ɗauke gaɓar X a sa ta gaban gaɓar P a wani jeri, sai an fara samun Q, gaɓar da ke bayan X tana nuna ta. Rubutu uku ne: manunin Q ya tsallake X, manunin X ya ɗauki abin da P ke nunawa, sannan P ta nuna X. Wanda ya fara da na biyu bai adana tsohon adireshin ba ya ɓatar da sauran jerin farko, ma'adanar kwamfuta ta ci gaba da riƙe gaɓoɓin da ba mai iya isa gare su. Idan X ce ta farko babu Q, shi ya sa aka tanadi before_begin, wanda ke tsayawa a madadin Q ɗin.

Wannan duka sananne ne. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne tambayar abin da za a ajiye a kan jeri, wato mashigar da ake bi a isa ga gaɓoɓinsa. Ƙa'idar C++ ta 1998 ta ce ya kamata size, umarnin da ke faɗin yawan gaɓoɓin jeri, ya ba da amsa nan take, amma ba ta wajabta ba. Sai ɗakunan manhaja, wato tarin shiryayyun ayyuka da ke zuwa tare da C++, suka rabu biyu: wasu na ajiye ƙidaya a kan jerin, wasu kamar na GCC, manhajar da ke fassara rubutun C++ zuwa harshen na'ura, na bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka tambaya. Kowanne da kuɗinsa. Idan akwai ƙidaya, to ɗauke gaɓa 10,000 daga tsakiyar wani jeri zuwa wani yana bukatar a ƙirga su, domin a rage can a ƙara nan. Idan babu, ɗaukar ta zama 'yan rubuce-rubuce kaɗan, amma tambayar tsawo ta yi tsada.

A 2011 aka yanke. Sabuwar ƙa'idar C++ ta wajabta wa list, jerin sarƙa mai kallon gaba da baya, size na nan take, abin da ya sa GCC 5 ya sauya tsarin list ɗinsa a 2015. Sabon forward_list kuwa an bar shi ba size kwata-kwata, ba kuma manunin wutsiya, wato gaɓar ƙarshe, domin kada ya fi wanda ake rubutawa da hannu a harshen C nauyi: kansa manuni ɗaya ne, bayit 8 a na'ura mai bit 64. A ganina nan ne tushen ƙorafin yau. Tunda jeri bai san wutsiyarsa ba, haɗe shi gaba ɗaya da wani sai an taka har ƙarshe. Haka ma ɗaukar yanki: iyakoki biyun da ake ba splice_after ba sa cikin abin da za a ɗauka, dole ya bi yankin ya nemo gaɓar ƙarshe. Gaɓa ɗaya ce kawai ke tafiya nan take.

An san wata hanyar kuwa. STAILQ, jerin sarƙa na babbar manhajar sarrafa kwamfuta ta BSD, yana ƙara manuni na biyu a kan jeri mai nuna wutsiya, don haka STAILQ_CONCAT, umarninsa na haɗe jeri biyu, ba ya taka ko gaɓa ɗaya. Farashinsa shi ne duk wanda ya cire gaɓar ƙarshe sai ya gyara wannan manunin, in ba haka ba ƙari na gaba zai rubuta a wurin da aka riga aka saki.

Sharuɗɗa biyu kuma suna nan ko da wane zaɓi aka yi a C++: jerin biyu su kasance da mai raba ma'adana, wato abin da ke ba gaɓoɓi wuri a ma'adanar kwamfuta, da ya yi daidai da juna, kuma wurin da za a liƙa kada ya faɗo cikin yankin da ake ɗauka, domin sarƙar tana iya naɗewa manhajar da ke bin gaɓoɓin ta yi ta juyawa ba tsayawa.