ADDRESS da INDIRECT: haɗa adireshin akwati da fomula

A manhajojin jadawalin lissafi irin su Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc, kowane akwati yana da adireshi: harafin ginshiƙi da lambar layi, kamar C2. Wannan salon ya samo asali ne tun daga VisiCalc ta 1979. Akwai kuma salon R1C1 da Multiplan ta Microsoft ta zo da shi a 1982, wanda ke kiran akwatin nan R2C3.

Galibi mutum kan rubuta adireshi da hannunsa, amma fomula ma tana iya ƙera shi. Hanya mafi sauƙi ita ce alamar &: ="B"&5 na fitar da B5. ADDRESS kuwa lambobi take karɓa, layi sannan ginshiƙi. =ADDRESS(2,3) na ba da $C$2, wato adireshin da aka ɗaure ta kowane ɓangare da alamar $, don kada ya canja in an kwafi fomular zuwa wani akwati. Lamba ta uku ce ke sassauta ɗaurin: 2 ta ba da C$2, 3 ta ba da $C2, 4 kuma C2 kawai. Masu aiki da Excel sun daɗe da wata dabara ta gano harafin ginshiƙi: =SUBSTITUTE(ADDRESS(1,28,4),"1","") sai ta fito da AB. Tana da amfani, ganin tun 2007 ginshiƙan Excel sun kai 16,384, har XFD.

Sai dai abin da ya fito rubutu ne tsagwaronsa, manhajar ba ta ɗauke shi a matsayin akwati ba. Nan INDIRECT ke shigowa: =INDIRECT("B"&5) na ɗauko abin da ke cikin B5. Mai lissafin shago da ya ware wa kowane wata shafinsa zai rubuta sunan watan a A1, ya sa =INDIRECT("'"&A1&"'!D40"), jimillar watan da ke akwatin D40 na shafin ta zo masa. Waƙafin sama (') da ke kewaye da sunan dole ne in akwai tazara a cikinsa.

INDIRECT tana da nata aibin. Excel na sake lissafa ta duk lokacin da aka taɓa wani abu, don haka dubbanta kan sa fayil nauyi. In an cusa sabon layi, adireshin da ke cikin rubutu ba ya matsawa, sai ya ɗauko akwatin da ba shi ake nufi ba, kuma babu gargaɗi. In fayil ɗin da take nuni gare shi a rufe yake, saƙon kuskure na #REF! za a gani. Shi ya sa a cikin shafi ɗaya ƙwararru suka fi son INDEX, domin =INDEX(B:B,5) na yin aikin ba tare da yawan sake lissafin nan ba.