Farfaɗo da dausayin gaɓar teku: wa ke biya, kuma yaya ake tsara aikin?

Me ake nufi da dausayin gaɓar teku, kuma me ya sa gwamnati za ta zuba kuɗi a laka?

Shi ne wurin da ƙasa da teku ke cuɗanya: idan teku ya cika ruwa ya malale shi, idan ya janye sai laka ta bayyana. A ƙasashe masu sanyi ciyawa mai jure gishiri ce ke rufe shi, a ƙasashe masu zafi kuma itatuwan mangurof ne, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwan gishiri. A nan kifi da jatanlande ke rainon 'ya'yansu, a nan kuma igiyar ruwa ke rage ƙarfi kafin ta isa gidajen mutane.

Wannan na biyun shi ya fi buɗe bakin aljihun gwamnati. Bayan guguwar Sandy ta 2012, masu bincike sun ƙiyasta cewa dausayin arewa maso gabashin Amurka ya hana asarar dukiya ta kusan dala miliyan 625. Ma'aikatar kuɗi ba ta cika sauraron zancen tsuntsaye ba, amma tana jin wannan lissafin.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Ba kasafai yake fitowa daga aljihu ɗaya ba. Jihar Luwiziyana ta Amurka, wadda ta yi asarar ƙasa kusan murabba'in kilomita 5,000 tun shekarun 1930, ta gwada kusan kowace hanya. A 1990 majalisar tarayya ta kafa doka da ke ware wa aikin wani kaso na harajin kayan kamun kifi da na man ƙananan jiragen ruwa. Tarayya ke biyan kashi 85 cikin 100 na kowane aiki, jiha ta cika saura. Wata doka ta 2006 ta ba jihohin gaɓar Tekun Meziko, har da Luwiziyana, rabo daga kuɗin haƙar mai a teku. Sai kuma mafi girma, wanda masifa ce ta kawo shi: bayan fashewar rijiyar mai ta Deepwater Horizon a cikin wannan tekun a 2010, inda ma'aikata 11 suka mutu, kamfanin BP ya amince ya biya dala biliyan 20.8, kuma dokar da aka yi a 2012 ta ce kashi 80 cikin 100 na tarar gurɓata ruwa ya koma farfaɗo da yankin.

Abin damuwa shi ne kuɗin tara ƙarewa yake. An shimfiɗa biyan BP a kan shekara 15, zai ƙare a farkon shekarun 2030, alhali shirin jihar na shekara 50 ne, na dala biliyan 50. Shi ya sa abin da mazauna yankin San Faransisko na Amurka suka yi a 2016 ya fi kwanta mini a rai. Sun kaɗa ƙuri'a suka ɗora wa kansu harajin dala 12 a shekara kan kowane fili, na tsawon shekara 20, wanda zai tara kimanin dala miliyan 500. Kuɗin bai kai na BP ba ko kusa, sai dai injiniya ya san abin da zai shigo masa baɗi.

Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa sun fi dogara da rance da tallafi. A 2022 Bankin Duniya ya amince wa Indunisiya rancen dala miliyan 400 domin mangurof, bayan ƙasar ta sa wa kanta burin farfaɗo da hekta 600,000. Akwai kuma cinikin iskar kabon da laka ke adanawa, wato masu fitar da hayaƙi su biya masu kare mangurof saboda kabon da yake riƙewa, kamar yadda mutanen Gazi da ke gaɓar Kenya ke yi, suna zuba ribar a ruwan sha da makarantu, amma har yanzu wannan bai isa ya ɗauki nauyin babban aiki ba.

Ba shuka itace ba ne kawai? Me ya sa tsarin ke cin shekaru?

A nan ne aka fi yin ɓarnar kuɗi, kuma yawancinta da kyakkyawar niyya. Bayan ambaliyar tsunami ta 2004 an zuba kuɗi sosai wajen shuka mangurof a Siri Lanka. Da masu bincike suka koma suka duba wurare 23, a 9 daga ciki babu ko tsiro ɗaya da ya rayu, kuma 3 ne kawai fiye da rabin dashen ya kama. A Filifin ma an daɗe ana samun kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne kawai ke rayuwa.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya tsaya a wurin. Mangurof yana son tudun da ruwa ke hawa ya sauka ya bar saiwa ta sha iska. Amma wannan tudun galibi yana da mai shi, an riga an mai da shi tafkin kiwon jatanlande. Filin da babu mai gardama a kansa shi ne shimfiɗar laka ta can ƙasa, inda ruwa ke daɗewa. Can ake kai 'yan sa-kai su soke tsiro layi-layi, a ɗauki hoto, a rubuta adadi a rahoto. Wata shida baya sai ka tarar da sanduna tsirara, gansakuka ta naɗe su, igiyar ruwa ta kwashe saura. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tsari na gaskiya da awo yake farawa: tsawon ƙasa bisa ruwa, sa'o'in da take yi a nutse, yawan gishiri, yawan lakar da kogi ke kawowa, da saurin da ƙasar ke lotsawa. Idan aka daidaita ruwa da laka, sau da yawa irin yakan zo da kansa bisa ruwa. A Demak da ke tsibirin Jaba na Indunisiya, shingen itace da rassa aka kafa a bakin teku don ya tare laka, aka bar tsiro ya biyo baya. Bayan awo kuma sai neman izini, nazarin tasiri ga muhalli, da cinikin fili, wanda shi kaɗai kan ci shekaru.

Da gaske wani lokaci da gangan ake fasa katangar da ke tare teku?

Ƙwarai. A Medmerry, kudancin Ingila, hukumar muhalli ta yi ta kashe kuɗi duk hunturu tana tura tsakuwa da katafila don gyara wata jinga da teku ke ci. Daga baya aka gina sabuwa mai tsawon kilomita 7 can cikin tudu, a 2013 aka fasa tsohuwar, teku ya shiga gonaki ya mai da su dausayi. Aikin ya ci fam miliyan 28, yana kuma kare gidaje sama da 300. Manomin da gonarsa ta koma laka ba zai kira wannan nasara ba sai an biya shi yadda ya kamata, don haka sayen ƙasa da diyya babban sashe ne na kasafin irin wannan aiki.

In an sami kuɗi an kuma gama tsari, me zai hana aiki tafiya?

Mutanen da abincinsu ke cikin ruwan, da kuma siyasa. Luwiziyana ta tsara yanka ƙofa a jingar kogin Misisifi domin ruwa mai laka ya riƙa kwarara cikin yankin Barataria ya gina sabuwar ƙasa, kamar yadda kogin ya saba yi kafin a killace shi. An aza harsashi a watan Agustan 2023, kuɗin aikin ya kai kusan dala biliyan 3. Masu kiwon kawa da masuntan jatanlande suka ce ruwan daɗi zai kashe sana'arsu, kuma nazarin gwamnati da kansa ya tabbatar za a cutu. Da aka canja gwamna, sai aka soke aikin a watan Yulin 2025, bayan an riga an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli.

A ganina jihar ta yi babbar asara, domin babu injin yashe da zai yi abin da kogi ke yi kyauta shekara da shekaru. Amma masuntan ba ƙarya suka yi ba. Wanda aka ce ya haƙura da abincinsa na yau saboda ƙasar da za ta tsiro nan da shekara 50, yana da haƙƙin a zauna da shi tun kafin a zana taswira, a kuma rubuta diyyarsa cikin kasafi da adadi.

Yaya mai biyan haraji zai gane ko kuɗin ya yi amfani?

Ya tambayi hekta nawa ke raye bayan shekara biyar ko goma, ya bar zancen tsiro nawa aka shuka ranar buɗe aiki. Ya duba ko kasafin ya ware kuɗin sa ido da gyara. Dokar Amurka ta 1990 da aka ambata tana lissafa kowane aiki a kan shekara 20, har da kuɗin kula da shi. Ya kuma tambayi ko an bar wa dausayin sarari a bayansa. Teku na ƙara hawa, kuma dausayi yakan ja da baya zuwa tudu idan ya sami wuri. Inda aka gina titi ko katangar siminti daf da shi, ruwa zai matse shi ya nutse, komai yawan kuɗin da aka kashe a kansa.