Takardar amana mai kariya a Sikotland: lokacin jira

Takardar amana, wadda ake kira Trust Deed a Turance, yarjejeniya ce da mutumin da bashi ya yi wa katutu a Sikotland yake ƙullawa da wani ƙwararre mai lasisin kula da karayar arziki. Mutumin yakan danƙa masa amanar dukiyarsa, ya kuma amince zai riƙa biyan wani kaso na abin da yake samu kowane wata, yawanci har tsawon wata 48. Ƙwararren, wanda ake ce wa amintacce, shi ke raba kuɗin ga masu bin bashi. In an cika sharuɗɗa, ragowar bashin da yarjejeniyar ta ƙunsa yakan faɗi. Dokar karayar arziki ta Sikotland ta 2016 ce ke tafiyar da tsarin, kuma sai bashin mutum ya kai fam 5,000 kafin takardarsa ta cancanci kariya, wato ta ɗaure masu bin bashin har da waɗanda ba su yarda ba.

Abin da mutane da yawa ba sa ganewa da wuri shi ne, sa hannu daban, samun kariya daban. Ranar da aka sa hannu, takardar ba ta ɗaure kowane mai bin bashi ba. Sai amintaccen ya sa sanarwa a rajistar masu karayar arziki, wadda ofishin gwamnati mai kula da karayar arziki, Accountant in Bankruptcy, da ke garin Kilwinning yake riƙewa, sannan ya aika wa masu bin bashi bayanin abin da mutumin ya mallaka, da abin da ake bin sa, da abin da ake sa ran kowa zai samu. Daga ranar da aka sa sanarwar a rajista ake ƙirga mako 5.

A cikin waɗannan makonni mai bin bashi yana da damar ƙin amincewa a rubuce. Takardar ba za ta sami kariya ba idan waɗanda suka ƙi sun fi rabin adadin masu bin bashin, ko kuma idan kuɗin da suke bi ya kai kashi ɗaya cikin uku na jimillar bashin. Wanda ya yi shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin ya yarda. Wannan sharaɗi na kashi ɗaya cikin uku shi ne mai nauyi: banki guda da yake bin fam 8,000 cikin bashin fam 20,000 zai iya rushe maganar shi kaɗai, ko da sauran duk sun amince. A Ingila da Wales tsarin da ya yi kama da wannan ya sha bamban, domin can sai masu kashi 75 cikin 100 na bashin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun yarda.

Jiran nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke cikinsa. Wasiƙun neman biya ba sa tsayawa nan take, waya na iya ci gaba da ƙara, kuma wanda aka riga aka fara yankar albashinsa da umarnin kotu zai ga an ci gaba da yanka a takardar albashin ƙarshen wata. Mutum ya bayyana sirrinsa gaba ɗaya, sunansa ya shiga rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet, amma bai san makomarsa ba. Abin da ke rage wannan zullumi shi ne dakatarwar wucin gadi da ake nema daga ofishin na Kilwinning, wadda ke hana masu bin bashi fara sabon matakin ƙwace. A da mako 6 ce, aka mai da ita wata 6 a lokacin annobar korona a 2020, daga baya wata doka ta 2022 ta tabbatar da hakan. Ya kamata duk mai ba da shawara kan bashi ya faɗi wannan tun a zaman farko.

Idan mako 5 ya cika ba a sami ƙin amincewa mai yawa ba, amintaccen yakan miƙa takardu, ofishin ya duba, ya yi rajistar takardar a matsayin mai kariya. Daga ranar ce yankan albashi ke tsayawa, har wanda ya ƙi amincewa ma ba shi da ikon kai mutumin kotu kan bashin da ke ciki. Bashin gida na jingina, da tarar kotu, da bashin karatu ba sa faɗuwa da ita, kuma tabonta yakan zauna shekara 6 a tarihin bashin mutum.

In kuwa an ƙi, takardar tana nan amma ba kariya. Amintaccen na iya sake tattaunawa da masu bin bashin, ko mutumin ya nemi a ayyana shi a matsayin wanda arzikinsa ya karye.